Unguwar Briqueterie a Birnin Yawunde: Jama'arta da Hanyoyin Isa Gare Ta

1.0 Gabatarwa

Bahaushen da ya sauka a Yawunde, babban birnin ƙasar Kamaru, alhali bai san kowa ba, da wuya ya kwana bai ji sunan Briqueterie ba. Direban tasi na ganin shigarsa zai fahimci inda ya dosa. A can zai ji kiran salla daga masallatai da yawa a lokaci guda, ya sami mai shayi da mai tsire, ya kuma sami wanda zai gaisa da shi da Hausa ya nuna masa masauki.

Wannan takarda za ta duba abubuwa biyu game da unguwar. Na farko shi ne jama'arta, wato su wane ne, daga ina suka zo, kuma me alƙaluman ƙidaya suka nuna. Na biyu shi ne hanyoyin da mutane da kaya ke bi su isa cikinta. Dalilin haɗa su wuri ɗaya shi ne, ɗaya ba ya fahimtuwa sai da ɗayan. Hanya ce ta kafa Briqueterie, kuma duk lokacin da aka buɗe sabuwar hanya daga arewa sai unguwar ta ƙaru da mutane. Sai dai yawan mutanen ya matse hanyoyin cikinta, har ta kai ga fasinja daga Ngawundare, mai nisan fiye da kilomita 600, yana isa bakin unguwar cikin sauƙi, amma motar kashe gobara ba ta iya shiga yawancin lungunanta.

2.0 Inda Unguwar Take

Birnin Yawunde yana kudancin Kamaru, a bakin yankin kurmi, kimanin mita 750 sama da teku. Gari ne na tudu da gangare, shi ya sa ake masa kirari da birni mai tsaunuka bakwai. Asalin mazauna wurin su ne Ewondo, kuma daga sunansu ne sunan birnin ya samo asali. Jamusawa ne suka kafa sansani a wurin a ƙarshen shekarun 1880, ƙarƙashin Richard Kund da Hans Tappenbeck. Mutanen ƙasar suka riƙa kiran sansanin Ongola, wato shinge, sunan da har yau ake kiran birnin da shi a harshen Ewondo.

Briqueterie tana cikin gundumar Yawunde ta Biyu, dab da tsakiyar birni. Tana maƙwabtaka da Tsinga da Messa da Mokolo, inda babbar kasuwa take, da kuma Warda. Ƙoramu biyu, Abiergue da Ekozoa, suna bi ta gefenta su gangara zuwa kogin Mfoundi wanda ya ratsa birnin. Saboda haka wani sashe na unguwar yana kan tudu, wani kuma yana cikin kwari mai dausayi. Wannan bambanci na tudu da kwari yana da muhimmanci, kamar yadda za a gani nan gaba.

Kalmar Briqueterie ta Faransanci ce, ma'anarta wurin gasa jan bulo. An sa wa unguwar sunan ne saboda masana'antar bulo da aka yi a wurin tun zamanin Jamusawa. Tsohon sunan wurin shi ne Ekoudou. A bakin mutanen gari kuwa, akan taƙaita sunan a ce Brique kawai, ko kuma a ce unguwar Hausawa.

3.0 Hanyar Fatake da Asalin Unguwar

Zuwan Hausawa wannan yanki ya girmi layin dogo da kwalta. A wajen shekarar 1809 Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa masarautar Fombina, wadda ake kira Adamawa, kuma a 1841 Yola ta zama mazauninta. Fulani suka kafa garuruwan sarauta a kan tsaunin Adamawa, irin su Ngawundare da Tibati da Banyo. Inda sarauta ta zauna kuwa, fatake sukan biyo baya. Hausawa da Barebari suka riƙa kawo rinannun tufafin Kano da kanwa da duwatsun ado, su sayi hauren giwa da goro da bayi su koma arewa.

Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ayari ta tashi daga Tibati ta bi ta Yoko ta gangara ƙasar Wute, zuwa garin Ngila da ke arewacin kogin Sanaga. Da Bajamushe Curt von Morgen ya isa Ngila a 1890, ya tarar da fatake Hausawa sun riga shi. Tafiya ce mai wuya. Kudu da tsaunin Adamawa ƙudan tsando yana kashe jaki da doki, saboda haka 'yan dako ne ke ɗaukar kaya a ka, ana zango ana tashi har tsawon makonni.

A 1899 sojojin Jamus suka ci Ngila da Tibati da yaƙi. Wannan ya buɗe hanya tsakanin Adamawa da sansanin Yawunde, fatake suka riƙa ƙetare Sanaga da yawa. Barikin Jamusawa yana buƙatar nama da tufafi, cikin sojojinsu ma akwai Hausawa, ga kuma cinikin roba da ya bunƙasa a kurmin kudu har zuwa 1913. Sannu a hankali wasu fataken suka daina komawa, suka kafa zango kusa da bariki.

Yawunde ta fita daga hannun Jamusawa a farkon 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Farko. A farkon shekarun 1920 Faransawa suka mai da garin mazaunin mulkinsu. Da suka keɓe tsakiyar gari domin ofisoshi da shaguna da gidajen Turawa, sai aka riƙa tayar da baƙi ana tura su gefe. An tashi zangon Hausawa fiye da sau ɗaya, kafin ya zauna a Ekoudou a cikin shekarun 1930. A lokacin wurin bayan gari ne. Birni ne ya girma ya zagaye shi daga baya.

Tsarin zaman da aka kafa a nan shi ne wanda aka sani a sauran zangunan Hausawa, kamar Sabo ta Ibadan da Zongo ta Kumasi da sashen Hausawa na New Bell a Duwala. Akwai sarkin Hausawa da liman. Akwai mai gida, wanda ke sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan bashi ya shiga tsakani. Ke nan tun daga tushe an gina unguwar ne domin karɓar wanda ya sauko daga hanya.

4.0 Yawan Jama'a

4.1 Abin da ƙidaya ta nuna

A 1957, shekara uku kafin samun mulkin kai, mutanen Yawunde ba su wuce kimanin 58,000 ba. Ƙidayar ƙasa ta 1976 ta sami mutum 313,706 a birnin. Ta 1987 ta sami 649,252, wato ya ninka cikin shekara 11. Ta 2005, wadda aka bayyana sakamakonta a 2010, ta sami 1,817,524. Idan aka kwatanta 1976 da 2005 za a ga birnin ya ninka kusan sau shida cikin shekara 29. A ƙidayar ta 2005, gundumar Yawunde ta Biyu, inda Briqueterie take, tana da mutum kusan 239,000.

Dalilan wannan girma sanannu ne. Da Kamaru ta sami mulkin kai a ranar 1 ga Janairu 1960, ma'aikatun gwamnati da barikokin soja suka taru a Yawunde, aka kuma buɗe jami'a a 1962. Shugaban ƙasa na farko, Ahmadu Ahidjo, wanda ya yi mulki har 1982, mutumin Garwa ne, kuma a zamaninsa ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa daga arewa sun sauko babban birnin da yawa. Bugu da ƙari, farin da ya addabi ƙasashen Sahel a shekarun 1970 da 1980, da yaƙin basasar Cadi, sun tura mutane kudu neman abin sawa a baki.

Abin lura a nan shi ne bambancin yadda birni ya girma da yadda unguwa ta girma. Birnin ya bazu ne ta kowane gefe, ya cinye ƙauyukan da ke kewaye da shi. Briqueterie kuwa ba ta da inda za ta miƙe ƙafa, domin ƙorama da tituna da wasu unguwanni sun yi mata iyaka. Saboda haka ta cikinta ta girma. Aka raba tsakar gida aka fitar da ɗakunan haya, aka mai da zaure shago, aka gangara cikin dausayi aka gina inda dā ba a gini. Wannan ne ya sa take cikin unguwannin da suka fi cunkoso a birnin.

4.2 Wane ne Bahaushe a Briqueterie?

Ɗalibin harshe yana buƙatar ya yi hattara da sunan unguwar Hausawa. A kudancin Kamaru, mutane da yawa suna kiran duk Musulmin da ya fito daga arewa Bahaushe, ko da kuwa bai iya gaisuwa da Hausa ba. Sunan ya bi riga da hula da salla da sana'a, fiye da yadda ya bi harshe ko asali.

Idan aka shiga unguwar za a tarar da jikokin fataken farko, waɗanda aka haifi iyayensu da kakanninsu a Yawunde. Akwai Fulani daga Ngawundare da Garwa da Marwa, da Barebari da Larabawan Shuwa da Kotoko daga yankin tafkin Cadi, da Bamun daga Fumban. Akwai baƙi daga Nijeriya da Nijar da Cadi da Mali da Senegal da Gini da Afirka ta Tsakiya. Har ila yau akwai Kiristoci, Bamileke da Ewondo da sauransu, masu zama da kasuwanci a cikinta. A ƙidayar 2005 Musulmi su ne kusan kashi 21 cikin ɗari na mutanen Kamaru, kuma Briqueterie ce tsohuwar cibiyarsu a babban birnin.

Ta fuskar harshe, Hausa tana aiki kafaɗa da kafaɗa da Fulatanci, wanda shi ne harshen kasuwa a arewacin Kamaru, da kuma Faransanci, harshen makaranta da ofis da titi. Ba abin mamaki ba ne yaro ya yi Hausa a gida, ya yi Fulatanci da maƙwabci, ya yi Faransanci da direban tasi, duk kafin azahar.

4.3 Mazauni da baƙo

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Ƙidaya tana lissafa mutum ne a inda ya saba zama, ita kuwa unguwa irin wannan kullum tana ɗauke da raɓa. Akwai ɗan kasuwar da ya zo sarin yadi zai yi kwana uku, da direban babbar mota mai jiran lodi, da marar lafiyar da aka kawo asibiti daga arewa tare da masu jinyarsa, da saurayin da ya zo cirani yana kwana a shagon ɗan garinsu. Ban da waɗannan akwai dubban mutane masu shigowa da safe su fita da dare. Ranar Juma'a, da daren azumi, da makon da ke gaban salla lokacin da teloli ba sa barci, yawan mutanen da ke cikin unguwar yakan zarce na masu kwana a cikinta. Famfo da makewayi da titi kuwa duk wanda ke wurin suke ɗauka, ba su san mazauni da baƙo ba.

5.0 Hanyoyi Daga Nesa

5.1 Jirgin ƙasa

Jamusawa ne suka fara shimfiɗa layin dogo daga tashar jiragen ruwa ta Duwala zuwa cikin ƙasa, yaƙi ya tsayar da su a wajen Eseka. Faransawa suka ƙarasa aikin da ma'aikatan tilas, waɗanda da yawansu suka mutu a wurin fasa duwatsu, jirgi ya iso Yawunde a 1927. Daga nan yadi da gishiri da kayan Turai suka riƙa zuwa daga teku cikin kwana guda.

Layin da ya fi shafar Briqueterie shi ne na arewa. An buɗe sashen Yawunde zuwa Belabo a 1969, sashen Belabo zuwa Ngawundare kuma a 1974. Tsawonsa kilomita 622 ne, yana bi ta Obala da Nanga Eboko da Belabo da Ngaundal. Tun 1999 kamfanin Camrail ke gudanar da shi. Jirgin fasinja yakan tashi da yamma ya kwana yana tafiya ya isa da safe. Tafiyar da kakanni suka yi makonni suna yi a ƙasa ta koma ta dare ɗaya. Tashar jirgin ta Yawunde kuwa ba ta wuce 'yan kilomita daga unguwar ba.

Muhimmancin wannan ya wuce saurin tafiya. A zamanin ayari, namiji mai ƙarfi ne ke iya zuwa kudu. Da jirgi ya zo, sai mata da yara da tsofaffi suka sami damar zuwa. Mutum ya iya ɗauko amarya daga Garwa, ya aika ɗansa karatun allo arewa, ya je jana'iza ya dawo cikin mako. Zangon fatake ya koma unguwar iyalai, kuma dangantaka da gida ba ta yanke ba.

A Ngawundare layin ya ƙare. Daga nan sai mota, ta gangara daga tsauni zuwa Garwa, kimanin kilomita 280, ta wuce Marwa da Kusiri a bakin iyakar Cadi. Daga Garwa ake ƙetarawa Yola, daga Yola kuma a kama hanyar Gombe da Kano.

5.2 Mota

Babban titin ƙasa mai lamba 1 shi ne ya haɗa Yawunde da arewa. Motocin safa da manyan motocin kaya sukan nufi gabas zuwa Bertoua, su haura Garoua-Boulaï a bakin iyakar Afirka ta Tsakiya, su bi ta Meiganga su isa Ngawundare. Hanya ce mai zagaye, kuma ta daɗe tana da sassa marasa kwalta waɗanda ke riƙe mota kwana da kwanaki da damina. Sai a farkon shekarun 2010 aka kammala kwalta tsakanin Garoua-Boulaï da Ngawundare, daga nan motocin safa suka fara gogayya da jirgi.

Akwai hanya ta biyu, titi mai lamba 15, wanda ya tashi daga Batchenga ya bi ta Ntui da Yoko da Tibati. Wannan ita ce kusan sawun tsohuwar hanyar fatake, kuma ita ce ta fi miƙewa. Shekaru da yawa sai da kwale-kwalen fito ake ƙetare Sanaga a Nachtigal, kafin daga baya a gina gada a wurin.

Ta kudu maso yamma kuwa akwai titin Duwala, mai kimanin kilomita 240, wanda kayan da suka sauka daga jiragen ruwa ke bi. Abin da ya faru a ranar 21 ga Oktoba 2016 ya nuna yadda titi da dogo suka dogara da juna. Ruwan sama ya karya wani sashe na titin, matafiya suka yi cincirindo a tashar jirgi, aka ƙara taragu, jirgin ya kauce daga kan layi a Eseka. Hukuma ta bayyana mutuwar mutum 79. Haka nan, rikicin Boko Haram a yankin Arewa Mai Nisa tun daga 2014, da rufe iyakokin ƙasa da Nijeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sun takura wa 'yan kasuwar da ke kai da kawo tsakanin ƙasashen biyu. Abin da ya taɓa hanya a arewa yakan bayyana a farashin shagon Briqueterie.

5.3 Jirgin sama

Filin jiragen sama na Nsimalen, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1990, yana kimanin kilomita 25 kudu da birnin. Daga nan maniyyata ke tashi zuwa aikin hajji, tafiyar da a dā ake yi ta ƙasa ta Cadi da Sudan cikin watanni ko shekaru. Manyan 'yan kasuwa ma daga nan suke tashi sarin kaya Dubai da Sin. Amma ga mafi yawan mutanen unguwar, jirgin ƙasa da motar safa su ne abin hawa.

5.4 Abin da hanya ke kawowa

Sana'o'i biyu da aka san unguwar da su duka 'ya'yan hanya ne. Ta farko ita ce nama. Shanu ba sa jure kurmin kudu saboda ƙudan tsando, don haka naman da Yawunde ke ci yawancinsa daga makiyayar Adamawa da arewa yake zuwa. A dā a ƙasa ake koro shanun, su iso a rame. Daga baya aka koma loda su a tarago da manyan motoci, a yanka a mayankar Etoudi da ke arewacin birnin. Dillalai da mahauta da masu gashi sun daɗe suna fitowa daga cikin 'yan arewa. Gasasshen naman da ake kira tsire ko suya a Nijeriya shi ne soya a Kamaru, kuma kalmar daga aikatau na Hausa ta fito, wato soya. Layin masu gashi na Briqueterie ya yi suna har mutanen gari suna yi masa laƙabi da Ma'aikatar Soya, manya da ƙanana na zuwa daga kowane sashe na birnin da maraice.

Ta biyu ita ce yadi da ɗinki. Atamfa da shadda da leshi suna shigowa ta Duwala da kuma ta iyakar Nijeriya. Teloli da masu aikin sirfani, da yawansu daga Mali da Senegal da Nijar, suna ɗinka wa Musulmi da Kirista.

6.0 Zirga-zirga a Cikin Birni

Yawunde ta taɓa samun kamfanin bas na gwamnati mai suna SOTUC, wanda ya yi aiki daga 1973 har ya durƙushe a 1995, shekara guda bayan an karya darajar kuɗin sefa da rabi. An sake gwada kamfanonin bas a 2006 da 2017, babu wanda ya ɗore. Saboda haka nauyin jigilar jama'a ya koma kan tasi mai launin ɗorawa.

Tsarin hawa tasi a birnin yana da nasa salo. Fasinja yakan tsaya a bakin titi, idan tasi ta rage gudu sai ya faɗi inda za shi da abin da zai biya. In direba ya yarda sai ya danna ham, in bai yarda ba ya wuce. Mota ɗaya tana ɗaukar mutane da yawa masu zuwa wurare dabam-dabam. Wanda yake so a kai shi shi kaɗai, irin abin da ake kira shata ko dirof a Kano, sai ya ce dépôt, ya biya ninki. Kuɗin da hukuma ta ƙayyade na rana ya tashi daga sefa 250 zuwa 300 a 2023, ya kuma koma 350 a 2024, bayan ƙarin kuɗin man fetur. Akwai kuma baburan haya, irin acaɓa ko kabu-kabu, waɗanda a kudancin Kamaru ake kira benskin. Hukumomin birnin sun hana su bin wasu manyan titunan tsakiyar gari.

A wannan fuska Briqueterie tana da rabo babba. Mazauninta yana iya takawa da ƙafa zuwa kasuwar Mokolo, ko babban asibitin birnin da ke Messa, ko shagunan tsakiyar gari, ko babban masallacin Tsinga da Saudiyya ta gina a shekarun 1990. Wanda ke zaune a gefen birni kuwa sai ya hau tasi biyu kafin ya isa wurin sana'arsa, ya kuma hau biyu ya koma. Ga mai tallan goro ko yaron shago, wannan kuɗin mota yana iya cinye ribar yini. Shi ya sa mutane ke haƙuri da ƙaramin ɗaki a cikin cunkoso, ba su koma inda fili yake ba.

7.0 Lungunan Unguwa

'Yan titunan kwalta ne suka ratsa unguwar, kuma a kansu shaguna da masu gashi da motoci da masu tafiya a ƙasa suke gwamutsuwa. Da an bar su sai lungu. Wani lungun babur yana iya ratsa shi, wani kuwa mutum biyu ba sa iya jerawa. Da yake ƙasar gangare ce, lungu da yawa shi ne kuma hanyar ruwa.

Matsalolin da wannan ke haifarwa a fili suke. Idan gobara ta tashi, gidaje a manne suke da juna, wayoyin lantarki a harɗe, kuma ko da yake ofishin 'yan kwana-kwana yana kusa, a wajen Mokolo, motarsu a bakin titi take tsayawa. Mace mai naƙuda ko tsoho marar lafiya sai an ɗauko shi a hannu zuwa inda mota take. Motar kwasar shara ba ta shiga, saboda haka shara takan ƙare a kwata, kwata ta kai ta ƙorama. Yawunde tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,600 a shekara, cikin damina biyu, ɗaya daga Maris zuwa Yuni, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi ƙoramun da shara ta toshe sukan yi ambaliya, kuma gidajen kwari, inda haya ta fi araha, su ne suka fi shan wahala.

Maganin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne a fasa tituna. Amma a unguwar da babu fili, duk titin da za a fasa a kan ɗakin wani zai bi. A zamanin Gilbert Tsimi Evouna, wanda ya shugabanci hukumar birnin daga 2005 zuwa 2020, an yi rushe-rushe a tsofaffin unguwanni da dama domin faɗaɗa tituna da kwashe gine-gine daga dausayi. Babban zauren wasanni na Warda, wanda ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 2009, yana dab da Briqueterie, kuma gyaran kewayensa ya shafi gefen unguwar. Dokar filaye ta 1974 ta sa takardar mallaka ta hukuma ita ce shaidar mallakar fili, gidaje da yawa a irin waɗannan unguwanni kuwa ba su da ita, ko da iyali sun shekara hamsin a wurin. Ɗan haya kuma ba shi da abin da zai nuna ko kaɗan. Wanda aka tasa yakan koma bayan gari, ya rasa kusancin nan da kasuwa wanda shi ne jarinsa.

Ga inda gizo ke saƙa. Mutanen unguwa suna son titin da motar asibiti za ta shiga, suna kuma tsoron kada titin ya zama sanadin tashinsu. Filin da aka tura kakanninsu a kai domin bayan gari ne, yau yana cikin filaye mafiya daraja a birnin.

8.0 Kammalawa

An ga yadda hanyar ayari ta Tibati da Yoko ta kawo fataken farko, yadda layin dogo na 1974 ya kawo iyalai, da yadda kwalta da jirgin sama suka haɗa unguwar da ƙasashe maƙwabta da na nesa. An kuma ga cewa birnin ya ninka kusan sau shida tsakanin 1976 da 2005, alhali faɗin unguwar bai ƙaru ba. Saboda haka wanda zai yi nazarin jama'ar Briqueterie, ko na Hausar da ake yi a cikinta, ya kamata ya fara da tambayar ta wace hanya mutum ya zo, kuma yaushe. Amsar ita ke bambanta jikan fatake da ɗan ciranin da ya sauka daga jirgi da safe. Haka nan, wanda zai gyara lungunanta dole ya lissafa da masu haya da baƙi, ba masu takardar fili kaɗai ba, domin su ne mafi yawan waɗanda ke bin lungun kullum.

Tambayoyi

1. Me ya sa 'yan dako ne ke ɗaukar kayan fatake a kudancin tsaunin Adamawa?
2. Bayyana bambancin yadda birnin Yawunde ya girma da yadda Briqueterie ta girma.
3. Mece ce ma'anar kalmar Bahaushe a bakin mutanen kudancin Kamaru?
4. Wane sauyi layin dogo na Ngawundare ya kawo ga zaman iyali a unguwar?
5. Kwatanta lungunan Briqueterie da na wata tsohuwar unguwa a Kano ko Zariya ko Maraɗi.